Yadda ake kai kukan unguwa meri a Yamai har a ga kamyo ya shigo layi

Salamu alaikum jama'a. Damanar da ta wuce wani ƙanena ya kira ni wajen ƙarfe biyu na dare, murya na rawa, wai ruwa ya shigo musu ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙe katifa da buhun hatsi, yara duk suna bisa tebur. Da gari ya waye muka gama jaje, abinda ya fara tambayata shi ne "yaya, to yanzu wa za mu kai ma kuka tunda babu konseye?" Na ce mishi zauna in gaya maka yadda muka yi a layinmu, don mu ma damana biyu a jere muka sha wannan ruwan kafin mu gane kan abin. Abinda na gaya mishi ranar shi ne zan zuba nan, in ya yi tsawo ku yi haƙuri.

Tambayar tashi tana bisa hanya. Da can kowa ya san konseyen unguwarsu, waɗanda aka zaɓa ranar 13 ga Disamba 2020, in kaniwo ya cushe ko juji ya cinye hanya sai a tare mutum bakin masallaci ko wurin suna a sauke mishi, ko ya yi ko bai yi ba dai an samu wanda aka faɗa ma. Bayan sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 majalisun konseyen nan sun ɗan ƙara tafiya, sai a watan Afrilu 2024 aka rushe su gaba ɗaya, na komin da na manyan birane da na jihohi, aka naɗa AD, wanda wasu ke ce ma kantoma, ya riƙe meri, wato ofishin magajin gari. A Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyu, kenan zancen "bari in kira ɗan partinmu" ya ƙare. Ni ba muhawarar ko hakan ya yi daidai na zo yi ba, kowa da ra'ayinshi a fada wajen shayi. Abinda na sani shi ne meri tana nan, ma'aikatanta suna nan, lanho ana karɓa, kuma ruwan Agusta bai san an rushe majalisa ba.

Abu na farko, kafin ka je ko'ina, ka san mi ke cinka kuma na wa ne. Wannan shi ne inda mutane suka fi ɓata ƙafa, a ɗauki kukan da ba na meri ba a kai meri, a ce musu ba nan ba ne, su dawo suna cewa an wulaƙanta su. In tiyo ne ya fashe yana ambaliya a layi, wannan na kamfanin ruwa ne, NDE da ta gaji SEEN. In poto ne ya karkata ko waya ta sauko, na kamfanin wuta ne, NIGELEC. In maƙwabci ne ke sako ruwan wanka da na masai cikin hanya, mai unguwa ne farko, in ya ƙi ji sai duba-gari na meri. In wani ne ya yi gini ya toshe hanyar ruwa, maganar ta zama ta masu kula da filaye, ita kuma tafiyarta daban ce, tana da tsawo. Yashe kaniwo, kwashe juji, cike ramin layi da jan ƙasa, waɗannan su ne na meri kai tsaye.

Har ruwan ma iri biyu ne a Yamai. Akwai na kogi, irin na Satumba 2020 da ya kai wajen santimita 700 a ma'auni alhali jan layin haɗari 620 ne, ya ci Lamorde da wasu unguwannin hayin kogi, wannan babu takardar layi ɗaya da za ta tare shi, aikin gwamnati ne da madatsai. Akwai kuma na sama, wanda ke sauka ya rasa hanyar wucewa don kaniwo ya cika da yashi da leda, ya juyo cikin gidaje. Namu na biyun ne, kuma shi ne nake magana a kai. Ka fita da kanka ka bi kaniwon da ƙafa tun daga inda ya faro har inda yake zubewa, mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Mu da muka bi namu sai muka tarar ashe ba duka ne ya cushe ba, wuri biyu ne, ɗaya ƙarƙashin wani dal, murfin kaniwo na siminti, da ya karye ya faɗa ciki, ɗaya kuma bakin gudron inda leda ta yi dam kamar an danna da gangan. Kuma wai akwai doka tun Nuwamba 2014 da ta hana wannan baƙar ledar, ku duba bisa itatuwan unguwa ku ga yadda dokar ke kaɗawa cikin iska.

Sai ka san kominka. Birnin Yamai komin biyar ne, ta 5 ita ce hayin kogi, Harobanda, kowace da merinta da AD ɗinta, sannan ga babbar meri ta birni a sama. Ƴan Tawa ku naku biyu ne, Maraɗi uku, Damagaram biyar, tsarin duk ɗaya ne. Amfanin sanin wannan shi ne, ƙananan ayyuka da takardun haihuwa da sa tampo ana yinsu a merin komin, amma babban kuɗi da manyan injuna suna wajen birni. Ka fara daga ƙasa, kar ka tsallake kominka ka tahi babbar meri, za a maido ka ne kawai ka yi asarar kuɗin taksi.

Daga nan sai wurin mai unguwa. Dan Allah kar ku raina wannan matakin, matasa musamman. Sarakunan gargajiya har da masu unguwa doka ta san da su, akwai dokarsu ta 2015, su ne idon hukuma a cikin unguwa, kuma duk takardar da ta isa meri babu hannun mai unguwa tambayar farko da za a yi ita ce "shef da kartiye ya sani?" In ka ce a'a ka rage ma kanka daraja tun ba a karanta ba. Kar ka tahi kai kaɗai kuma kar ku tahi ku ashirin. Mutum uku sun isa, a samu dattijo guda cikinku wanda shi zai buɗe magana, a je bayan la'asar, a cire takalmi, a gaisa sosai a tambayi iyali da gajiya, in da ɗan goro a aje, wannan girmamawa ce ba sayen komi ba. Mu dattijonmu cewa ya yi "Baba, ɗiyanka ne suka zo da kuka, ruwa na cin gidajensu, muka ce ba mu zuwa ko'ina sai mun zo wurin uba." Shikenan fa, tsohon ya gyara zama ya ce shi ma jikokinshi ta nan suke bi zuwa lakkwal. Abu uku za ku roƙe shi: ya yarda a yi zaman layi da saninshi, ya sa hannu da tamponshi a takarda in an rubuta, kuma in ranar ganin hukuma ta zo ya raka ku ko ya ba da wakili.

A nan akwai wata ƴar magana mai ɗaci. Ku biya lanho ku aje tikitin. Na san abinda za a ce, "mu biya mi, mi aka yi muna?" Na ji, ni ma na faɗa. Amma ranar da kuka zauna gaban hukuma ana iya jefo muku ita, a ce unguwarku nawa ta biya bana, in kuka sunkuyar da kai to an gama da ku. Mu sai da muka bi gida gida muka ce kowa ya nemo tikitinshi, muka yi fotokofi muka liƙa a bayan takarda, wanda bai biya ba ya je ya biya don kunya.

Zaman layi kuma a yi shi cikin gida ko zauren mai unguwa ko harabar masallaci bayan an nemi izinin liman, kar a tare titi da kujeru, taro bisa titi yana da nashi ƙa'idodi na sanar da hukuma, kar a je neman gyaran kaniwo a ƙare da bayani a komisariya. Kuma a kira mata. Wallahi kuskurenmu na shekarar farko kenan, mu maza muka zauna muka yi ta surutu, ashe wata inna mai tuyar ƙosai a kusurwa ita ta san komi, ta san gidan da ke zuba shara cikin kaniwo da asuba, ta san daga wane ɓangare ruwa ke fara tasowa don ita ke kwashe kaskonta da gudu. A zaman a fitar da mutum huɗu ko biyar kawai: mai magana, mai rubutu, mai ajiyar kuɗi, da mace aƙalla guda, ga mai unguwa a matsayin uba. Mai ajiyar kuɗi kar ya zama shi ne mai rubuta kuɗin, a raba. A sayi kaye na dala ashirin ko talatin, duk wanda ya ba da ko dala biyar ce a rubuta sunanshi da rana, a ɗauki hoton shafin a tura gurup ɗin WhatsApp na layi duk mako. Mu dala ɗari ɗari muka sa ma kowane gida, wanda ba shi da hali ya kawo ƙarfinshi ranar aiki. Kuɗin unguwa shi ke kashe zumuncin unguwa, tun ran gini ake zane.

A wannan zaman ne kuma za a zagaya da farar takarda, suna, lambar waya, sa hannu ko dangwale. Magidanta da matan gida na gaske, kar a cika da sunayen yara don a ga yawa, in aka kira lamba guda aka ji ƙarya duk sauran sun zube.

Sai shaida. Hoto da bidiyo lokacin da ruwan ke ciki sun fi komi, in kuna da na bara ku nemo su cikin wayoyi, in babu ku ɗauki kaniwon yadda yake cike yanzu da kuma alamar da ruwa ya bari jikin bango, a tsaida yaro ko sanda kusa don a ga tsayin. A wanke guda huɗu ko biyar a takarda, don ba wanda zai karɓi wayarka ya yi ta latsawa a biro. A auna tsawon wurin, ko da taki ne, babban taki guda kusan mita ce. A ƙirga gidajen da ruwa ya shiga, bango nawa ya faɗi. Sannan a zana ɗan taswira da hannu, ga gudron, ga masallaci, ga pampon unguwa, ga inda ya cushe an sa mishi alama da jan biki. Layukanmu da yawa ba wanda ya san sunansu na hukuma, da kwatance ake zuwa, to ka sauƙaƙa ma wanda za a turo.

Yanzu takardar kanta, nan ne zan ɗan daɗe. Kundin tafiyar da ƙasa da aka sa ma hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Madalla, amma a biro har yanzu da Faransanci takardu ke yawo, don haka ku fara tsara ta da Hausa a zaman layi kowa ya ji abinda aka ce da sunanshi, sannan a samu malamin lakkwal ko ɗalibin jami'a ya juya ta, a buga ta a inji. Shafi ɗaya tak. A sama rana da sunan unguwa da layi da lambar wayar mutum biyu, a rubuta ta zuwa ga AD na kominku, da muƙaminshi ba da sunanshi ba, don mutum na iya canzawa takarda na nan. Layin obje, wato inda ake faɗin dalilin takardar, ya zama gajere, misali roƙon yashe kaniwon layi kaza kafin damana. Cikinta kuma abu uku ne, abinda ke akwai, abinda kuke roƙo, abinda ku za ku yi. Ga kamar yadda tamu ta kasance, ku canza lissafin da naku:

"Mu mazauna layi kaza muna sanar da ku cewa kaniwon da ya taso daga bakin pampo zuwa gudron, kamar mita 300, ya cushe a wuri biyu, damana biyu kenan ruwa na shiga gidaje 14. Muna roƙon a turo ma'aikacin sabis teknik ya gani da idonshi, a kuma taimaka muna da kamyo na wuni guda don kwashe abinda za mu yaso. Mu mun ɗauki nauyin masu aiki da felu da burweti da abincinsu."

Kun ga babu zagi, babu "an manta da mu", babu tarihin alkawuran da ƴan siyasa suka yi tun zamanin wane. Takardarmu ta farko shafi uku ce, mun zuba kaniwo, mun zuba fitilun titi, sauro, karnuka, ƴan shaye-shayen kusurwa, har da roƙon pabe, duk wanda zai karanta ta ba zai san ta ina zai kama ba. Wanda ke zaune a kujerar nan unguwanni da yawa ke kuka a kanshi kuma kamyon da ke tashi ba su da yawa, in ya ga wasu sun ce mu za mu yi aikin, wuni guda kawai muke so, to kun ba shi abinda zai iya cewa to a kai ba tare da ya buɗe akwatin kuɗi ba. A ƙasa mai unguwa ya sa hannu da tampo, mutum biyu na kwamiti su sa, a liƙa jerin sunaye da hotuna da taswira da tikitin lanho. A yi kofi uku.

Ranar kaiwa, ku tahi da safe tsakanin Litinin da Alhamis, Juma'a rabin wuni ce kowa hankalinshi na masallaci. Ku tambayi biron kuriye, inda ake karɓar wasiƙu. Ku miƙa guda, sannan ku miƙa kofinku ku ce a yi muku desharji, wato a buga tampon isowa a kan taku, a rubuta rana da lambar da aka ba takardar cikin rajista. Kar ku fito babu wannan, ko za a ce ku jira awa guda ku jira. Tamu ta farko wani ɗan layinmu ne ya ce ya san wani a ciki, ya karɓa ya ce an gama, muka yi wata biyu muna jiran kamyo, da muka je tambaya aka buɗe rajista aka duba aka duba babu ita, ba mu da lamba ba mu da rana, ba mu da bakin magana. Ba zan ce ga merin ba cikin biyar ɗin, kuma gaskiya laifin namu ne, mu muka bi ta taga alhali ƙofa na buɗe. Kofi na biyu a kai ma mai unguwa, na uku mai tampo a sa shi cikin leda a aje wurin mai rubutu, a ɗauki hotonshi a tura gurup.

Bayan mako guda ko kwana goma sai a koma, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka je kuriye da lambarka ka ce dan Allah takarda mai lamba kaza ina ta kwana. Yawanci daga kuriye tana hawa wurin sakatare janar, a rubuta a gefenta sabis ɗin da za ta je, sai ta sauka wurin masu kula da hanyoyi da tsabta. To wannan mutumin na sabis teknik shi ne naku, ku neme shi, ku gaishe shi da mutunci, ku karɓi lambarshi, ku ce yaushe zai samu sarari ya zo ya gani, ko da moto ne mu zo mu ɗauke ka. Ranar da namu ya zo ya tsaya bisa karyayyen dal ɗin nan ya leƙa ya toshe hanci, daga ranar maganar ta tashi daga takarda ta koma abinda ya gani. Mutum ɗaya ko biyu su riƙa bibiya, kar yau wannan gobe wancan kowa da irin bakinshi. Kuma masu gadi da sakatarori a gaishe su kamar mutane, su suka san ranar da shugaba ke zaune da ranar da ya fita.

In ana son ganin AD da kanshi, a nemi odiyans, wato izinin ganawa, a sakatariya, a rubuta suna da dalili da lambar takarda. In an ba ku rana ku je ku huɗu da mai unguwa ko wakilinshi, da mace cikinku, mutum ɗaya ya yi magana minti biyar, sauran su yi shiru sai an tambaye su. A ce ranka ya daɗe, a faɗi abinda ke takarda, a aje hotuna bisa tebur. Kafin ku tashi ku nemi abu biyu cikin ladabi, wa za mu riƙa tuntuɓa, kuma wace rana za mu shirya ma. "Za a duba" ba rana ba ce, sai a ce ranka ya daɗe muna son mu tara matasa ne, Asabar ta sama ko ta bayanta wacce ta fi muku?

Zancen kuɗi: in aka ce sai kun taimaka da gazuwal, ku koma ku gaya ma layi, in an yarda a sayi man a gidan mai a karɓo resi a liƙa cikin kaye. In kuɗin hukuma ne aka ce a biya, a biya a kes, wurin mai karɓar kuɗin meri, a karɓi kitansi, takardar shaidar biya. Kuɗin da ba shi da takarda kar ya fita daga asusun layi, ko don kar gobe a ce mai ajiya ya ci.

Lokaci kuma shi ne rabin aikin, ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar yashe kaniwo a Maris ko Afrilu ake kai ta, ana tsakiyar zafi kowa ya manta da ruwa, don a yi aikin cikin Mayu kafin hadarin Yuni. In ka bari sai Agusta to kowa na kuka lokaci guda. Ku tuna 2024, mutum sama da 300 suka rasu a ƙasar nan sanadin ambaliya, ruwa ya yanke hanyar fita Yamai ta wajen Sorey manyan motoci suka yi layi, har komawa lakkwal aka ɗage daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, a irin wannan lokacin wa zai saurari kaniwon layi guda? In ruwan ya riga ya shigo cikin dare kuma rai na cikin haɗari, wannan ba na takarda ba ne, 18 za a kira, ƴan kwana-kwana. Shi kuma babban aiki, sabon kaniwo ko pabe ko ƙaramar gada, ba ya fitowa daga aljihun wata guda, sai ya shiga kasafin shekara, kasafin kuma daga Janairu yake farawa ana tsara shi tun ƙarshen shekarar da ta gabata. Kowace komin tana da kundin tsarin raya ta na shekaru, PDC, da na ayyukan kowace shekara, PIA. Takardar babban aiki daban za a rubuta ta, a kai da zarar damana ta ɗauke, wajen Satumba ko Oktoba, hotuna na da ɗumi, a roƙi a sa layinku cikin ayyukan baɗi, a yi kofi zuwa babbar meri.

In rana ta tsaya, a shirya gayya sosai. A sanar a masallaci daren Juma'a, a aro felu da diga da rato da burweti, a sayi safar hannu da takalmin roba ko kaɗan ne a riƙa karɓa-karɓa, don cikin kaniwo akwai kwalba da ƙusa da allura, yara ƙanana kuma a kore su daga ciki. A fara daga ƙasa inda ruwa ke fita a hauro sama. A fara da sassafe kafin rana ta buɗe, mata su kawo ruwan sanyi da fura. Babban abu shi ne abinda aka yaso ya bar layin ranar, in aka tara shi bakin kaniwo aka ce sai gobe, ruwan farko zai maida shi inda ya fito, mun gani da idonmu a wani layi kusa da mu. Don haka kar a fara haƙa sai an ji kamyo ya taso, in kuma ya makara a samu masu amalanke a biya su daga asusu su fara ragewa. Namu sai wajen sha ɗaya ya iso, mun fara cire rai, sai ga yara da gudu suna ihu ya shigo ya shigo, sawu huɗu ya yi. Bayan an gama a rubuta ƴar takardar godiya layi biyar a kai kuriye ita ma, da hoton kafin da na bayan, baɗi za ku sake komawa wurin mutanen nan.

To in an yi shiru fa? Bayan mako uku a rubuta ta tuni, gajera, a ambaci lamba da ranar ta farko, a liƙa kofinta mai tampo, wannan karon a rubuta a ƙasa cewa an yi kofi zuwa babbar meri, a kai can ma a karɓi desharji. In nan ma shiru, mai unguwa na iya ɗaga maganar zuwa ofishin gwamna. Akwai kuma rediyo, gidajen rediyo masu zaman kansu suna da filayen da ake kira da Hausa da Zabarmanci, in za a kira a faɗi abinda ke akwai kawai, layi kaza, mun kai takarda ranar kaza, muna jira.

Facebook da TikTok kuwa a yi hattara. A Yuni 2024 an gyara dokar laifukan intanet ta 2019 aka maido da ɗauri, zagi ko ɓata suna ta intanet shekara 1 zuwa 3, yaɗa abinda ake ganin zai iya tada hankalin jama'a shekara 2 zuwa 5. Vokal ɗin da ka yi cikin fushi a gurup ɗin layi kana kiran sunan wani kana cewa ɓarawo, ba ka san wayar da zai kwana ciki ba. Mu doka muka sa a gurup, hoton kaniwo da lissafin kuɗi da ranar aiki kawai, wanda ya kawo zagi ko siyasa admin ya goge. Wani matashi ya yi fushi ya fita ya ce mu matsorata ne, ranar gayya kuma shi ya fi kowa tura burweti.

Karyayyen dal ɗin nan dai har yanzu ba a sake shi ba, mun ciro guntayen mun ɗora katako da tsohuwar taya don kar wani ya faɗa cikin dare, takardarshi na cikin waɗanda muka kai bayan damana, mai rubutunmu zai koma jin labarinta ranar Talata. Ƙanen nawa kuma ya kira ni shekaranjiya, sun je wurin mai unguwarsu su uku, sun tara sa hannu talatin da wani abu, wai malamin da zai juya musu takardar ya yi tafiya Doso sai ƙarshen mako. Na ce kafin ya dawo su bi gidaje su tattaro tikitin lanho.